Turamen Da Na Toshe Da Siminti

Sani, Hadiza, da ku sauran ƙannensu, wannan shi ne babin da na yi ta ɗagawa. Na rubuta muku yarintata da karatuna da shekarun da na yi ina koyarwa, duk biro bai yi mini gardama ba, amma da na iso nan sai in ga ya kamata in je duba gona, ko in tuna ban gaida wane da jiki ba. Abin da ya zaunar da ni dole shi ne maganar da kai Sani ka yi bara a wajen walimar sunan ɗanka, da ka miƙe a gaban jama'a ka ce, "Mu da kakanmu ya sari garin nan." Kowa ya gyaɗa kai. Ni ina zaune a kan kujerar da aka ware wa dattijo, na ji hulata ta yi mini nauyi. Ba laifinka ba ne, a ɗan littafin nan na tarihin garin Turame ka karanta. Ni na rubuta shi, kuma shafinsa na farko ƙarya ne.

Kun san dutsen, a gindinsa aka haife ku, amma ba ku san shi yadda na san shi ba. Ku kun tashi kun tarar da samansa a shafe sumul da siminti, mata na shanya barkono da kuɓewa da masara a kai. Da ba haka yake ba. A kan falalen da ke can sama akwai ramuka tara a jere, daga gabas suna gangarowa yamma, su muke kira turame, kuma daga gare su garin ya samo suna. Ba wanda ya haƙa su da ƙarfe, hannun mata ne da dutsen niƙa. Al'adar ita ce duk baƙon da ya zo neman wurin zama, sai a hau da shi sama a nuna wa matarsa inda za ta fara niƙa, kusa da na waɗanda suka riga su zuwa. Yau da gobe wurin ya lotsa, jikoki su gada su ci gaba. Saboda haka ba mu taɓa bukatar takarda ba kafin mu san wa ya riga wa. Ka hau ka zura hannu kawai. Na gabas ya fi kowane zurfi, hannun babban mutum yana shigewa har gwiwa, shi ne na gidan Jatau, Bamaguje maharbi kuma manomi, wanda ya fara kwana a gindin dutsen nan tun kura na shan ruwa a fadama. Na biyu na Fulanin gidan Buba ne, na uku na maƙera. Namu, na Malam Idi kakana wanda ya zo daga ƙasar Kano da allunansa da jakinsa, shi ne na huɗu, kuma da kyar yake rufe wuyan hannu.

Akwai kuma abin da ake yi duk kaka. Ba mai shimfiɗa shanya a kan dutsen sai babbar 'ya mace ta gidan Jatau ta hau ta share turminsu, ta zuba sabuwar dawa ta niƙa da bisimilla, a dama kunu a raba sadaka. Daga nan kowa ya baza nasa. Ba tsafi a ciki, ba yanka, gaisuwa ce kawai ga waɗanda suka ba mu wuri. A zamanin da nake ba ku labari, wadda wannan aiki ya faɗo wa ita ce Inna, mahaifiyata, don ita jikar Jatau ce ta wajen uba. Kun ji abin da ban taɓa faɗa muku ba: jinin gidan Jatau yana jikinku daidai da na Malam Idi.

Inna mace ce mai alkunya irin ta mutanen da. Ni ne ɗan farinta, don haka ba ta faɗin sunana, ba ta ma kallona sosai a gaban mutane. "Kai wannan" nake tun ina rarrafe, da na fara koyarwa na samu ƙarin girma na koma "malamin nan." In wani ya ce Haruna a gabanta sai ta kau da kai kamar ba ta san mai sunan ba. Ƙaunarta a kwano take, a ƙasan tuwo inda take ɓoye mini tsoka.

Ni kuwa kunyar danginta nake ji, gara in faɗa ƙarara. Mahaifinta ya musulunta tun kafin a haife ta, ƙaninta Kawu Tanko ma shi ne ladanin masallacinmu, muryarsa ce ke tashin garin nan da asuba shekara da shekaru. Amma a makarantar horon malamai akwai wani ɗan ajinmu daga wajen Janfalan da ya san asalina, kullum sai ya ce, "Jikan Bamaguje, yau dai an samu yin alwala kuwa?" A yi dariya, ni ma in yi. Wasa ne irin na samari, shi na tabbata ya manta kafin mu karɓi takardar gamawa. Ni na riƙe abin na dawo da shi gida a cikin akwatina.

Shekarar da abin ya faru, garin ya cika ya tumbatsa saboda noman rake, aka ce za a ɗaga sarautar garin daga mai unguwa zuwa dagaci, a zaɓi wanda za a naɗa. Dattawa da yawa suna ganin rawanin na gidan da ya fara zama ne, ko da yake Kawu Tanko bai taɓa buɗe baki ya nema ba. Yayan mahaifina, Baffa Alhaji, shi yana so, kuma bai ɓoye ba. Aka aiko cewa za a turo mutane su ji tarihin garin, a kawo shi a rubuce. Baffa ya kira ni zaurensa bayan la'asar.

"Haruna, kai ne mai biro a gidan nan. Ka ji abin da aka ce. Sai ka rubuta mana."

Na ce, "Baffa, in rubuta yadda yake?"

"Yadda yake mana! Wa ya kafa masallaci a nan? Wa ya fara tara yara a gaban allo? Ba Malam Idi ba? To kafin nan gari ne? Daji ne da mutane a ciki."

Ku lura da kyau, Baffa bai ce in yi ƙarya ba. Ƙofa ya buɗe, ni na shiga da ƙafata, har da gudu. Da na rubuta cewa Malam Idi ne ya kawo karatu da salla, da gaskiya na faɗa, kuma abin alfahari ne. Amma sai na rubuta cewa ya tarar da wurin ba kowa sai namun daji, shi ya sare kurmi, daga baya wasu manoma suka zo ya ba su aron ƙasa. "Wasu manoma" na kira kakannin uwata. Na hau keke na kai Makarfi aka buga mini da tafireta, na dawo ina jin kaina kamar wanda ya ci jarrabawa.

Sai kuma aka ce baƙin za su hau dutsen su gani da idonsu. Nan hankalina ya tashi, don na san ko yaro aka tambaya turmin wa ne wannan mai zurfin, zai faɗa. Baffa bai yi wannan tunanin ba, ni na yi, kuma dabarar da ta biyo baya tawa ce ni kaɗai. Akwai ragowar siminti daga ginin ajin da ƙungiyar ci gaban gari ta yi, ni ne kuma sakatarenta. Na tara mutane na yi musu lacca a kan lafiya. Na ce ruwan da ke kwanciya a turamen nan da damina shi ke haifar da sauro, na ce awaki na karya ƙafa a ciki, na ce in an shafe wurin shanya za ta fi yalwa, ga shi yanzu kowa injin niƙa yake kai wa. Har Turanci na sa a ciki don maganar ta yi nauyi. Aka tafa mini.

Ranar aikin, da hantsi, muna sama da birkila da masu kwaɓa yashi, sai ga Kawu Tanko ya hawo yana dogara sanda. Muka gaisa, na durƙusa kamar mutumin kirki. Ya daɗe yana kallon turamen yamma da aka riga aka cike.

"Ɗan nan, sauro ne ya dame ku?"

"Sauro ne, Kawu. Malaman asibiti sun ce ruwan da ke kwanciya shi ne matsalar."

"To. Ni dai tun ina yaro daga fadama na san sauron garin nan ke tasowa. Amma ku ne masu karatu."

Ya tafi turmin gabas, ya durƙusa da kyar, ya zura hannu har gwiwa, ya fito da ɗan dutsen niƙan da ke kwana a ciki, baƙi mai santsi, wanda ya cika tafin hannu. Ya goge shi da bakin rigarsa.

"Wannan dai ba ya tara ruwa, ko? To bari in kai wa uwarka."

Ya sauka. Birkila ya tsaya yana kallona da cokalin gini a hannu, yana jiran ko zan ce a dakata. Na ce masa ya zuba. Turmin gabas shi kaɗai ya ci kwano uku na kwaɓi, ina tsaye ina ƙirgawa.

Baƙin suka zo su uku, mutanen kirki, ba su da laifin komai, abin da aka ba su shi suka karanta. Suka hau, suka yaba da yadda muka gyara wurin shanya. Aka zauna a gindin tsamiya, aka ce in karanta tarihin da bakina, na karanta da murya irin ta gaban aji. Da na gama babbansu ya tambaya ko akwai mai gyara. Tsofaffi suka sunkuyar da kai, ba mai son ya ƙaryata malamin da ke koyar da jikokinsa a gaban baƙi. Duk ido ya koma kan Kawu Tanko. Ya ɗaga kai ya dubi rana, ya ce azahar ta yi, ya tashi ya tafi kiran salla. Bayan wata biyu aka naɗa Baffa.

Duk wannan lokacin Inna ba ta ce mini uffan ba. Ciwon gwiwa ya hana ta hawan dutse sai sau ɗaya a shekara, na kuma riƙa yaudarar kaina cewa wataƙila bana ba za ta hau ba. Da kaka ta yi, wata safiya ina shirin tafiya makaranta, mahaifiyarku ta shigo da sauri ta ce, "Malam, Inna fa ta kama hanyar dutse da tsintsiya." Na ajiye littattafai na bi ta. Kafin in kai ta riga ta isa sama, da ƙwaryar sabuwar dawa a ka, da dutsen niƙan nan ɗaure a bakin zane. Ashe kwana uku ke nan mata sun baza shanyarsu ba wanda ya jira ta, tunda ba turmin da za a share. Barkonon gidan Baffa ne shimfiɗe ja wur a gefen gabas. Inna tana ta ƙwanƙwasa simintin da sandarta nan da can, tana neman wurin. Sai ta juyo ta dube ni, ido cikin ido, abin da ba ta taɓa yi ba.

"Haruna."

Shekarata talatin da 'yan kai a duniya ban taɓa jin sunana a bakinta ba. Ban ma san haka muryarta za ta furta shi ba.

"Haruna, nuna mini inda turmin gidanmu yake. Idona ba ya gani sosai."

Na sani sarai, ko an rufe mini ido zan kai hannu. Na taka na janye barkonon mutane da ƙafa na nuna mata. Ta durƙusa, ta share wurin da tsintsiya, ta yi bisimilla, ta zuba dawa a kan siminti ta ɗora dutse. Ba abin da zai riƙe ƙwayar, sai ta riƙa tarwatsewa tana gangarawa ƙasa, tana bi tana tarowa da tafin hannu. Ta gwada sau uku. Daga nan ta tsince abin da ta iya tsincewa ta mayar a ƙwarya, ta miƙe. Na kai hannu zan kama ta, ta ce in bari, za ta iya. Na tsaya a wurin ina jin da ma dutsen ya tsage in shige. Ba a sha kunu ba a shekarar, ba a kuma sake sha ba.

Ba ta zage ni ba, ba ta yi mini baki ba, tsokar nan ma ba ta daina ɓoye mini a ƙasan tuwo ba. Amma daga ranar har ta koma ga Allah, da sunana take kirana. "Haruna, ka ci abinci?" "Haruna, an gaishe ka." Mutane suka ɗauka tsufa ne ya sa ta saki al'ada, har ana yi mata tsiya wai ta zama 'yar zamani. Ni kaɗai na san abin da ake nufi. Ɗan fari ake jin kunya, ni kuwa na zama Haruna kamar kowane Haruna a gari.

Ƙaryar kuma ba ta tsaya a takarda ba. Fadamar da ke gindin dutsen, wadda kowa ya sani ta gidan Jatau ce, sai aka fara cewa ai aro ce, ga shi a rubuce. Aka yanki nan aka ba wane, aka yanki can aka yi gandun sarauta. 'Ya'yan Kawu Tanko, taubasaina da muka yi wasan ƙasa tare, suka ga abin da ya rage ba zai ci da su ba, suka kwashe iyalansu suka koma wajen Taba. Kawu ya ƙi binsu, ya ce wa zai bar wa kiran salla. Sau biyar a rana ina jin muryarsa, ina bin sahu a bayansa, muna gaisawa a ƙofar masallaci yana sa mini albarka, har ya rasu bai tayar mini da maganar ba. Da ya zage ni da na fi samun sauƙi.

Da ciwon ajali ya kama Inna, wata rana da yamma na samu ɗakin ba kowa, na durƙusa a bakin gadonta na ce ta yafe mini.

"Nawa na yafe tun a kan dutse," in ji ta. "Amma turmin ba nawa ba ne ni kaɗai, Haruna. Mata nawa ka san sun niƙa kafin ya kai gwiwar hannu? Su za ka nema."

A ƙarƙashin gadonta muka tarar da dutsen niƙan bayan an yi bakwai. Na ɗauke na sa a akwati. Za ku ce to daga nan na gyara. Ban gyara ba. Na zama hedimasta, ana gaishe ni da Malam Babba, ɗan littafin nan ana karanta wa yara a aji, ni kuma ina wucewa ta bakin taga ina ji. Kullum sai in ce bari Baffa ya kau, da ya kau na ce bari ɗansa ya zauna da gindinsa a sarauta, da ya zauna na ce ai an riga an manta, tono zai kawo fitina. Tsoro ne kawai da son girma, ba wani suna da zan ba shi. Fiye da shekara ashirin na ƙara a haka, sai da na ji ƙaryata ta fito daga bakin ɗana, da gaskiyarsa, yana alfahari da ita.

Bayan walimar da kwana biyu na je wajen dagaci, ɗan Baffa, na ce masa ba rawaninsa nake nema ba, ba kuma na zo tayar da rigimar gona ba, wannan sai shi da Allah da abin da zuciyarsa ta ba shi. Na faɗa masa abin da zan yi. Ya ce, "Yaya, da girmanka?" Na ce da girman nawa, ai shi ya kai ni nan. Na sayi guduma da ƙarfe mai tsini a wajen maƙera, na riƙa hawa dutsen da sassafe. Kun ji labari a waya cewa babanku ya fara taɓuwa, Hadiza har kika ce za ki zo ki kai ni asibiti. Safiya shida na yi a kan turmin gabas kaɗai, hannuna duk ya yi kanta ya fashe. Birkilan nan, Allah ya jiƙansa, bai yi ha'inci a kwaɓi ba. Da na kai ƙasa na share na zura hannu, ya shige har gwiwa, santsinsa na nan kamar jiya aka niƙa.

Sai na aika Taba a nemo mini babbar 'ya mace da ta rage a gidan Jatau. 'Ya'yan Kawu mata duk sun rasu, abin ya faɗo kan jikarsa Asabe, wadda a can aka haife ta, yanzu har ta aurar da 'ya. Ta zo da mijinta a kan babur ranar wata Asabar, da dawa a leda kamar yadda na roƙa, tana ta mamakin me tsoho ke so da ita. Muka hau, mata masu shanya suka taru, da 'yan kallo da suka zo ganin ƙarshen haukata. Na nuna mata ramin, na ce turmin gidansu ne, na ba ta labarin Jatau da jerin turame da kunun kaka. Ta saurara baki buɗe.

"Baba Malam, wallahi ban taɓa ji ba. Mu dai an ce mana asalinmu nan ne, shi ke nan."

"Kakanki bai faɗa muku komai ba? Babanki fa?"

"Ko kalma ɗaya. In muka tambayi dalilin tashinmu sai Baba ya ce ƙasa ce ta yi kaɗan."

Kun ji irin mutanen da na kira "wasu manoma." Na tone musu asali na binne, su kuma suka rufa mini asiri har a wajen 'ya'yansu. Na ciro dutsen Inna daga aljihu na miƙa mata. Ta durƙusa ta yi bisimilla ta zuba dawa, ta ɗora dutsen, ya zauna daram a wurinsa, ƙwaya ko ɗaya ba ta gangara ba. Tana cikin niƙa sai ta lura da ɓaraguzan siminti da na tara a gefe, da sauran turame takwas da ke toshe har yanzu, waɗanda ƙarfina bai kai ba, na bar muku su. Ta tsaya ta ɗago kai.

"To Baba, wane mara tsoron Allah ne ya toshe wannan abu?"

Mijinta ya ce ta yi shiru mana, wataƙila ma mutumin ya mutu. Na ce a'a, bai mutu ba, ta yi tambaya a ba ta amsa. Tsofaffin matan da ke wurin, waɗanda suke amare ranar da Inna ta hau, suka sunkuyar da kai kamar yadda tsofaffin garin suka yi a gindin tsamiya. Na ga in na yi shiru za su sake rufa mini, har in mutu.

Na ce mata, "Haruna ne." Na faɗe shi da ƙarfi yadda kowa zai ji, kuma yadda Inna ta faɗe shi.